WA YA BA KU FUSKAR ƘANWATA?

Yau kam ba da fara'a na ɗauki alƙalami ba, domin kuwa abin da zan faɗa ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga in na ci gaba da yin shiru, gobe wata baiwar Allah ce za ta faɗa ramin da muka faɗa. Maganar ita ce ta yaran nan 'yan makaranta da suka mayar da kasuwa da tasha da bakin titi wurin ɗaukar bidiyon waƙa, su ɗora kyamara a kan duk wanda tsautsayi ya ratso da shi, ba sallama ba neman izini, sai ka ce fuskokin mutane ciyawar bakin hanya ce.

Bari in fara da abin da ya same mu, don kada wata ta ce ƙin zamani ne ya sa ni surutu.

Ana saura wata 2 bikin ƙanwata, ranar wata Asabar da hantsi, muka shiga kasuwa ni da ita don ƙarasa sayen kayan kicin, tukwane da kuloli da 'yan kwanuka. Muna shan kwanar layin sai muka tarar hanya ta cushe cak, ba gaba ba baya. Na leƙa, sai ga samari da 'yanmata sun kai goma, ɗaya ya saɓa kyamara a kafaɗa, ɗaya yana riƙe da lasifika tana ta ɓarin kiɗa, wata yarinya kuma ta ɗaga wani farin faifai mai sheƙi tana haska fuskar mawaƙin. Shi kuwa gogan, da baƙin tabarau da sarƙa a wuya, yana tafe yana motsa baki yana nune-nune da hannu. Da ya kai ƙarshen layi sai a ce masa "a sake!", ya dawo baya a faro daga farko. A gabana sun sake sau 6. Mai kura yana tsaye da lodinsa gumi na zuba, wata tsohuwa mai daddawa da kuka an janye mata tire gefe wai yana ɓata hoto, ita kuwa sai cewa take, "Ku dai yi ku gama, 'ya'yan nan, ban yi ciniki ba tun safe."

Ana cikin haka wani ɗan dako mai barkwanci ya biyo bayan mawaƙin da buhu a ka yana kwaikwayon tafiyarsa. Kowa ya tuntsire da dariya, har da ƙanwata, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Iyakar abin da ta yi ke nan. Hanya ta buɗe, muka yi sayayyarmu muka koma gida, muka ma manta.

Bayan mako 3 sai ga bidiyo a waya. Waƙar soyayya ce ta minti 4. Ɗan dako babu shi, an yanke shi tsaf. Abin da aka bari shi ne mawaƙin ya nuno hannu yana kiran masoyiyarsa, sai hoto ya juya kan fuskar ƙanwata, an jawo ta kusa, an rage gudun hoton, tana murmushi tana rufe baki da mayafi. Sau 2 aka nuno ta, duka-duka bai fi daƙiƙa 10 ba. To amma fa duk wanda ya kalla zai rantse ita ce yarinyar da ake wa waƙar, kuma da saninta aka yi.

Ƙanwar ango ce ta fara gani a wani zauren WhatsApp, ta kai wa mahaifiyarsu. Kafin magariba an aiko gidanmu cewa ba a gaya musu 'yar fim za su auro ba. Mahaifinmu bai ci tuwo ba a daren nan. Ƙanwata ta kwana 3 tana kuka, tana ce mini, "Yaya, ke ce shaidata, me na yi?" Sai da kawunmu ya taka har sau 2, ni ma na je na durƙusa gaban Hajiyar na rantse mata a gabana aka yi komai, sannan ƙura ta lafa. An yi biki, alhamdu lillahi. Sai dai har gobe in an sami ɗan saɓani irin na zaman gida, akwai mai cewa a ƙasa-ƙasa, "ai daman tauraruwa ce."

To 'yar uwa, kin ji mafari. Yanzu bari in gaya miki yadda ake wannan aiki, domin rashin sani shi ya sa muke tsayawa kallo da baki buɗe alhali mu ake ɗauka.

Waƙar da kike ji a lasifika ba a nan ake rera ta ba, an riga an gama ta a sutudiyo. A kasuwa baki kawai yake motsawa ya bi sautin, shi ya sa suke maimaita wuri ɗaya sau da yawa, daga gaba, daga gefe, daga nesa. A tsakanin haka mai kyamara yakan juya ya ɗebi fuskokin 'yan kallo, da hannun mai auna gero, da yaro mai talla, don a sami abin cike gurbi. Gilashin kyamarar yana jawo nesa kusa, tana iya cika allo da fuskarki kina can rumfa ta biyar ba ki san ana yi ba. Daga nan sai a kai wa mai haɗa hoto a kwamfuta, shi kuma ya yanka ya jona yadda ya ga dama. A hannunsa ne dariyar da aka yi wa ɗan dako take komawa murmushin soyayya.

Kada ki ɗauka wannan sabon abu ne da yaran suka yi tuntuɓe da shi. Kimanin shekara 100 da suka wuce wani mai shirya fim a ƙasar Rasha, Kuleshof, ya gwada shi. Kamar yadda ake ba da labarin, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, fuska ɗaya tak ba dariya ba kuka, ya jona ta da kwanon miya, ya sake jona ta da gawa a akwati, ya kuma jona ta da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ce a na farko yunwa yake ji, a na biyu baƙin ciki, a na uku sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. Wannan darasi yana cikin na farko-farko da ake koya wa mai karatun fim. Saboda haka wanda ya jona fuskar ƙanwata da hannun mawaƙi ya san abin da yake yi sarai, ma'ana ya ɗora mata, kuma ma'anar da ya nufa ita mutane suka karanta.

Na nemi yaran, na kuwa same su, domin sun rubuta sunayensu a ƙarshen bidiyon. Hujjojin da suka kawo mini guda 4 ne, kuma na san su za su kawo miki, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko suka ce, "Anti, ai kasuwa ta kowa ce." Gaskiya ne ta kowa ce, shi ya sa ma ba taku ba ce ku kaɗai. Hanyar da kuka tare ta mai kura ce, ta mai ciki ce da ta fito sayen kayan miya, ta tsohuwa ce mai daddawa. Sannan ku faɗa mini, macen da ta fito kasuwa, yarda ta yi mutanen layin su gan ta na ɗan lokaci ta wuce, ko yarda ta yi a adana ta a nuna wa mutanen Kano da Kaduna da Yamai da Jidda har illa ma sha Allahu? Hausawa na cewa kasuwa a kai miki dole. Dole ce ta fito da mu, cefane ne, neman abin sa wa a baka ne. Wanda ya mayar da dolen mutum abin adon waƙarsa, ya ci da gumin da ba nasa ba.

Na biyu suka ce su ɗalibai ne, aikin makaranta ne, ba su da kuɗin hayar wuri ko biyan 'yan wasa. Wannan na tausaya, don na san halin da ɗalibi yake ciki. To amma nawa ake sayar da sallama? Nawa ne kuɗin "Hajiya, don Allah za mu ɗauki hoto, in ba kya so ki ɗan matsa"? Kun sami kuɗin hayar kyamara, kun sami na sutudiyo, kun sami na tabarau da sarƙa, sai a kan neman izini ne talauci ya kama ku? Kuma in da gaske aikin makaranta ne, ai malami ne zai duba ya ba da maki. Me ya kai shi TikTok da YouTube tun kafin malamin ya gani? Ku faɗi gaskiya, suna kuke nema, kuma da fuskokinmu kuke neman sa.

Na uku suka ce al'adarmu suke tallatawa, duniya ta ga kyan kasuwanninmu. Madalla. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, marinar Ƙofar Mata tana nan, Kantin Kwari yana nan da atamfofinsa, Dawanau da hatsinta, duk abin nunawa ne da alfahari. Sai dai al'adar da kuke cewa kuna tallatawa, ƙofarta ita ce sallama. Bahaushe ba ya shiga zauren wani sai ya yi sallama an amsa, ba ya ɗaga labulen ɗaki sai an ce ya shigo. Yaya za a yi ka tattake al'ada da ƙafa sannan ka ce ita kake ɗagawa sama? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu shi ya fi ƙona mini rai. Suka ce, "To ai ba wani abin kunya ta yi ba, dariya ce kawai, mutane ne suka fassara." Yo ai ku ma a cikin mutanen nan kuka tashi! Kun san garinku, kun san yadda ake auna 'ya mace da ma'aunin da ba a auna ɗa namiji da shi. Saurayi ya fito a bidiyo, abokai su tafa masa. Budurwa ta fito, a tambayi tarbiyyar gidansu har kaka da kakanni. Ni ma ban ce wannan ma'auni daidai ne ba, zan zo kansa. Amma wanda ya san akwai rijiya a wuri ya tura makaho, ba zai ce laifin mai haƙa rijiya ne shi kaɗai ba.

Wata za ta ce, ke dai kin tsani fim ne. Wallahi ko kusa. Ni da na girma ina kallon kaset a ɗakin maƙwabta? Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, zuwa Sangaya da ya tashi gari a 1999, harkar nan ta ciyar da gidaje masu yawa, ta kuma kai harshenmu inda ƙafarmu ba ta je ba. Abin da nake tsoro shi ne irin wannan gangancin ya jawo wa kowa. Mu da muka ga jiya mun san yadda ake yi. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim gaba ɗaya, sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai aka dawo bisa sharuɗɗa. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango wata 3 a kan kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, bisa tuhumar fitar da shi ba tare da an tace ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina alƙaryar fim a Kofa cikin ƙaramar hukumar Bebeji, jama'a suka yi ca, aka fasa. Da an gina ta, wataƙila da ɗalibi ya sami kasuwar wasa da zai yi ɗaukarsa ba tare da ya taka kowa ba. Kun ga ke nan zuciyar jama'a a kan kyamara daman a kusa take. Duk yarinyar da kuka jefa cikin kuka, itace kuka ƙara wa wutar da za ta ci ku, ta ci waɗanda suka fi ku ladabi.

Ga kuma bambancin jiya da yau. A zamanin kaset, fim yana shago, sai ka je ka saya ko ka yi haya, in ya tsufa zare ya tsinke a jefar. Yau kuwa abin da ya hau intanet ya zama zarar bunu. Yaran sun sauke bidiyon daga shafinsu bayan mun yi magana, ɗaya daga cikin 'yanmatan ma ta zo har gida ta ba da haƙuri da hawayenta, na kuma yaba mata. Amma wanda ya riga ya sauke a wayarsa fa? Wanda ya yanki daƙiƙa 10 ɗin nan ya ɗora wata waƙar a kai fa? Wa zai bi su gida-gida?

Ku sani kuma ƙasar nan ba ta rasa doka ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, kuma a 2023 an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Amma ni ba kotu nake kira muku ba. Kafin a rubuta doka akwai kunya, akwai sanin ya kamata, kuma su ne suka riƙe kasuwannin nan shekaru aru-aru.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ɗalibi yana son kasuwa a bidiyonsa, hanya a buɗe take. Ya karɓo takarda daga makarantarsu, ya je wurin shugabannin kasuwa tun kafin ranar, su zaɓa masa layi da lokaci. Ya zo da sassafe kafin ciniki ya kankama, ko da la'asar sakaliya, wanda daman masu sana'ar sun san hasken lokutan nan ya fi na tsakar rana taushi a fuska. Ya zo da 'yan ajinsu su zama masu saye da masu wucewa, tun da su sun yarda. Ya sa mutum a bakin layi yana sanar da masu shigowa. Duk fuskar da za ta fito ƙarara, a tambayi mai ita, a gaya mata irin waƙar da inda za a sa ta, in yarinya ce ƙarama a tambayi iyayenta. Wadda ta ce a'a, a yanke ta ko a dishe fuskar, aikin 'yan mintoci ne a kwamfuta. Wanda aka tare wa rumfa a sallame shi, ko da sayen kayansa ne. Malamai kuma, don girman Allah, ku riƙa tambayar shaidar izini kafin ku ba da maki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke kuma 'yar uwa, in kin ci karo da su, kada ki tsaya kallo, kada kuma ki yi faɗa. In hanya ce ki wuce abinki. In kin ga an saita ki, ki taka ki tambayi babbansu cikin mutunci, ki ce ba ki yarda ba, a goge a gabanki, ki tambayi sunan makarantarsu. In sun yi taurin kai, shugabannin kasuwa suna nan, mai rumfar da kike ciniki ma zai tsaya miki. Kunya ba ta hana mace kare mutuncinta. Da na buɗe baki a ranar nan, da ban je durƙuso gidan surukai ba. In kuma 'yarki ce ko ƙanwarki take karatun, ki zaunar da ita ki tambaye ta, waɗannan da ke cikin hotonki, sun sani?

Saura magana ɗaya, ita ce mai ɗaci, kuma tamu ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaran nan sun ɗauka sun jona, amma wa ya kai bidiyon gidan ango? Mace ce. Wa ya tura shi zaure bayan zaure da "ku gane mini wacece wannan"? Mata ne. Wa ya yanke wa yarinya hukunci a kan daƙiƙa 10 ba tare da ya kira ta ya ji ta bakinta ba? Uwa ce, mai 'ya'ya mata a ɗakinta. Mu ne muke kuka an ci mutuncinmu, mu ne kuma kasuwar da ake sayar da mutuncin. Ranar da hoton 'yar wani ya faɗo wayarki, ki tuna da fuskar nan ta Kuleshof, ki tuna abin da kika gani wani ne ya shirya miki shi. Ki tsayar da shi a wurinki, in kin san iyayenta ki kira su a asirce. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, don 'yarki ma tana zuwa kasuwa.

Ƙanwata tana ɗakinta yanzu, har ta haihu. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara shiga kasuwa ba, aike take yi, ko ni in je mata. In na ce ta zo mu je, sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ki dai je." Yarinyar da ta fi kowa iya ciniki a gidanmu ke nan. Waɗanda suka yi bidiyon kuwa sun gama makaranta, na ji an ce sun ci da maki mai kyau.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa mu dace. Wassalam.